Sankarar mama da ba ta zuwa da ƙullutu: amsoshin tambayoyin matanmu na Makka da Jidda

Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen masu sankara a nan Jidda. Da yake ina jin Hausa da Larabci, duk lokacin da aka kawo 'yar gida wadda ba ta gane abin da likita ke faɗa, ni ake aikowa a kira. A nan na ga wani nau'in sankarar mama da mafi yawanmu ba mu taɓa jin labarinsa ba. Ba shi da yawa, amma yana da gudu, kuma kusan duk wadda na gani da shi ta zo ne bayan ta shafe wata biyu ko uku ana yi mata maganin wani abu daban. Tambayoyin da ke ƙasa ba ƙirƙirar su na yi ba. Su ake yi mini a bakin gado, a wajen suna da walima, da cikin saƙon murya da tsakar dare.

Wace irin sankara ce wannan, har aka ware mata suna daban?

A takardar asibiti za ki ga an rubuta "saratan as-sadyi al-iltihabi", wato sankarar mama mai kama da kumburi. Sankarar da aka saba da ita takan taru wuri guda ta yi ƙullutu. Wannan kuwa ba ta cika taruwa ba. Ƙwayoyinta na bi ne ta cikin siraran hanyoyin ruwa da ke fatar mama, waɗanda ke kwashe ruwan jiki su kai shi kaluluwar hammata, su toshe su. Idan magudana ta toshe, ruwa ba shi da wajen zuwa. Sai mama ya kumbura, ya yi nauyi, ya ɗau zafi, fatarsa ta yi kauri ta fito da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo.

A Amurka, inda aka fi ƙididdige ta, tana tsakanin kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na duk sankarar mama. An ba da rahoton cewa kasonta ya fi haka a Tunisiya da Masar. Ta fi kama mata baƙar fata, kuma tana kama mace da sauran ƙuruciyarta fiye da yadda sauran nau'ukan ke yi. Wannan ne ya sa nake ganin maganar tamu ce.

An ce maman yana yin ja. Ni baƙa ce wuluk, ta ina zan ga ja?

Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci a wurina, don ita ce ramin da matanmu suka fi faɗawa. Hotunan da ke cikin littattafan likitanci galibi na farar fata ne, inda ja ke fitowa ƙarara. A jikinmu ba haka yake ba. Wurin yakan ƙara duhu ne, ko ya yi kamar shuni-shuni, ko kamar inda aka buge jini ya kwanta. Wani lokaci launin ma ba ya sauyawa yadda ido zai kama, sai dai fatar ta yi sheƙi ta ɗaure. Likitan da bai saba duba baƙar fata ba yana iya kallo ya ce bai ga ja ba, kuma gaskiyarsa ya faɗa.

Don haka kada ki tsaya neman ja. Ki tsaya gaban madubi da rana, inda haske ke shigowa, ki gwada maman nan da ɗan'uwansa. Ɗaya ya fi ɗaya girma a cikin 'yan makonni? Rigar mama ta fara matse ki ta gefe guda? Kin ɗora bayan hannu kin ji ɗaya ya fi ɗumi? Kan maman ya shige ciki ko ya baje, alhali da ba haka yake ba? Akwai ƙaiƙayi ko zugi da ya ƙi tafiya, ko kaluluwa a hammata ko a ramin wuya? Abin da likitoci ke dubawa shi ne a ce sauyin ya zo da sauri, cikin wata 6 ko ƙasa da haka, kuma ya mamaye aƙalla kashi ɗaya cikin uku na maman.

Shawarata, ki ɗauki hoto da wayarki ranar da kika fara lura, ki sake ɗauka bayan kwana uku-uku a wuri ɗaya da haske ɗaya. Ki kulle hotunan yadda yara ba za su gani ba. Sau da yawa na ga hoton nan ya gamsar da likita a minti guda, bayan bayanin baki ya kasa.

Na shafa ban ji ƙullutu ba, kuma bara na yi mamogram aka ce lafiya lau.

Duka biyun ba su wanke ki ba. Yawancin masu wannan nau'in ba sa jin ƙullutu ko kaɗan, kuma tana iya tasowa tsakanin hoton bara da na bana. Hoton mamogram da Ma'aikatar Lafiya ke kiran mata su yi daga shekara 40 abu ne mai kyau, a ci gaba da yi. Amma shi na mai lafiya ne da ba ta ga komai ba. Wadda ta ga sauyi da idonta ba ta jiran lokacin hoto ya zagayo.

Ina shayarwa. Na je mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa, likita ya ce iltihab ne, wato kumburi, ya ba ni mudad, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya yi kuskure ne?

Mai yiwuwa bai yi ba. A mai shayarwa, kumburin nono na ƙwayoyin cuta ya fi wannan sankarar yawa nesa ba kusa ba, kuma daidai ne a fara da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Irin wannan kumburin yakan zo da zazzaɓi da ciwon jiki, kuma cikin kwana biyu ko uku da fara magani za ki ji sauƙi.

Inda ake yin kuskure shi ne abin da ke biyo baya. An sha magani kwana 7 zuwa 10, babu sauƙi, ko an ɗan samu ya dawo. Sai a sauya wani mudad ɗin. Ba a gamsu ba, a koma wani mustausaf a wata unguwa, inda likitan bai san an riga an sha na farko ba, shi ma ya fara daga farko. Tsakanin nan an shafa man zaitun, an gasa da ruwan zafi, wata tsohuwa ta ce nono ne ya kwanta. Kafin a ankara an ci wata uku. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da ta zo da leda cike da kwalayen magani kala huɗu daga wurare huɗu, babu wanda ya tura ta hoto a cikinsu. Har yau idan na tuna ledar nan raina yana ɓaci.

Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce: zagaye ɗaya na mudad. Idan ya ƙare maman bai koma yadda yake ba, ki koma wurin likitan da ya ba ki, ki ce masa kina son tahwil, wato takardar turawa, zuwa likitan tiyatar mama, kina son hoto da khaz'a, wato ɗibar 'yar tsoka a gwada. Ki faɗa da bakinki, ba rashin kunya ba ne. Idan kuwa ba ki da ciki, ba kya shayarwa, ko kin daina al'ada, to tun ranar farko ya kamata a yi zargi, domin kumburin nono na ƙwayoyin cuta ba ya yawan kama irinki.

To duk kumburin da ya ƙi jin magani sankara ne?

A'a. Akwai ƙurji mai ruwa a ciki da sai an zuƙe shi. Akwai tarin fuka na mama. Akwai kuma wani kumburi mai naci da ake yawan gani a matan wannan yanki 'yan shekaru bayan haihuwa, wanda ba sankara ba ne amma yana kama da ita sosai har a hoto. Ido ba ya raba su, ko na babban likita. Khaz'a ce ke rabawa.

Waɗanne gwaje-gwaje za a yi mini?

Za a fara da duba ki da hannu, mama biyu da hammata da wuya. Sai mamogram, wanda zai iya yi miki ciwo saboda kumburin, ki gaya wa mai ɗauka ta bi a hankali. Sai sonar, hoton nan irin na masu ciki, na mama da hammata. Sau da yawa akan ƙara da ranin, na'urar nan mai kama da rami da ƙara, domin ta fi sauran gano inda cutar take a wannan nau'in.

Daga nan sai khaz'a. Za a kashe wurin da allura, a sa wata allura mai ɗan kauri a ciro tsoka siririya kamar tsinken ashana, daga maman, wani lokaci har da kaluluwa. Akan kuma ɗebi ɗan guntun fata. Aikin bai fi rabin awa ba, kina tashi ki tafi gida. Sakamako kan ɗauki kwanaki, wani lokaci ya haura mako. Abu ɗaya da ya kamata ki sani: ana iya ɗibar fata a ce ba a ga ƙwayoyin a cikinta ba, amma likita ya ce duk da haka wannan nau'in ne. Ba ruɗewa ya yi ba. Khaz'ar tsoka ce ke tabbatar da sankara, yanayin maman da saurin sauyinsa su ke nuna nau'in.

In an tabbatar, sai a duba sauran jiki, huhu da hanta da ƙashi, da hoton maƙta'iyya, wato CT, da hoton ƙashi, ko da hoton PET. Za a kuma duba ƙarfin zuciya kafin a fara magani, saboda wasu magungunan na taɓa ta.

A gida an ce daji ba ya son ƙarfe, da an sa masa allura sai ya fantsama.

Na san wannan maganar, da ita na tashi. Kuma na san inda ta samo asali. Iyayenmu sun ga mata da aka kai asibiti, aka taɓa, ba a jima ba suka rasu. Abin da ba su gani ba shi ne cutar ta riga ta gama jiki tun kafin a kai su. Allurar ta zo ne a ƙarshen labari, sai aka ɗora mata laifin.

Khaz'a ba ta yaɗa sankarar mama. Ana yi wa mata ita kullum a duk duniya, kuma babu likitan da zai ɗaura miki kimawi, wato ƙarin ruwan maganin sankara, ba tare da ita ba, don ita ke faɗin wane magani zai yi aiki. Ƙarfen da nake tsoro shi ne na wanzami: tsaga, ko sakiya, ko ƙaho a kan maman da ya kumbura. Fatar da hanyoyin ruwanta suka toshe ba ta warkewa da wuri. Sai wurin ya zama gyambo, ƙwayoyin cuta su shiga, a zo asibiti kuma a ce sai an yi maganin gyambon tukuna. Don Allah, Inna, Gwaggo, duk wadda ake jin maganarta a gida: kada a bari a tsaga.

Yau aka gano, amma an ce mataki na 3. Sakacina ne?

Ba lallai ba. Wannan nau'in ba shi da mataki na 1 ko na 2. Tunda ya shiga fata tun farkonsa, mafi ƙanƙantar matakinsa shi ne na 3, ko da kin zo a makon da ya fara. A takarda za ki ga T4d, alamarsa ke nan. Idan ya kai huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa, shi ne mataki na 4, kuma kusan mace ɗaya cikin uku a haka ake samunta ranar da aka gano. Abin da gaggawa ke saya miki shi ne a same ki a na 3, domin a nan ake yin magani da niyyar warkarwa.

Mene ne ER, PR da HER2 da na gani a sakamako?

Su ne ke nuna abin da ke ciyar da cutar. Idan ER ko PR sun nuna akwai, sinadaran mace na jikinki ne ke ƙara mata ƙarfi, kuma akwai ƙwayar da ke toshe wannan hanyar, kamar tamoxifen ko letrozole, ana sha shekara 5 zuwa 10. Idan HER2 ya nuna akwai, cutar mai zafin nama ce, amma tana da maganin da ke bin ta kai tsaye, trastuzumab, wanda aka fara amfani da shi a 1998, yanzu kuma ana haɗa shi da pertuzumab. Idan duka ukun babu, wannan ya fi wuyar sha'ani, kimawi ne ginshiƙi, kuma a 'yan shekarun nan ana ƙara masa pembrolizumab mai zaburar da garkuwar jiki. Ki riƙe waɗannan haruffa uku a kanki kamar lambar wayarki. Duk likitan da kika je wurinsa, su zai fara tambaya.

Me ya sa ba za a yanke maman kawai a huta ba?

Saboda cutar tana cikin fata ko'ina, wuƙa ba ta da iyakar da za ta bi. An gwada haka shekaru da dama, tana dawowa a kan ɗinkin. Tsarin da aka tabbatar yanzu hawa uku ne, kuma jerinsu ba ya sauyawa.

Na farko kimawi, wata 4 zuwa 6, don ya janye cutar daga fata ya kuma bi wadda ta ɓuya a jiki. Gashi zai zube bayan mako biyu zuwa uku da farawa, zai kuma dawo. Idan zazzaɓi ya kai 38 a lokacin kimawi, tawari, sashen gaggawa, za a nufa a daren, ba a jira safiya. Na biyu tiyata, bayan kamar mako uku ko huɗu da gama kimawi: ana cire maman gaba ɗaya tare da kaluluwar hammata. A wannan nau'in ba a cire ɓangare a bar ɓangare, kuma gyaran mama sai daga baya. Na uku gashi da na'ura, wanda a nan ake kira ish'a'i, kwana biyar a mako har mako 5 zuwa 6. Duka-duka a ƙiyasta kusan shekara.

Wurin da na fi ganin ana zamewa shi ne bayan zagaye na biyu ko na uku na kimawi. Kumburi ya saɓe, launi ya dawo, mace ta ji garau, dangi su ce Alhamdulillahi an samu lafiya, me za a yanke kuma? Wannan sauƙin alama ce magani na ci. Ba alamar an gama ba ce. Wadda ta tsaya a nan, cutar na dawowa, kuma ba ta cika jin maganin farko yadda ta ji da ba.

Ki gaya mini gaskiya, ana warkewa?

Ana warkewa, amma ba kowa ba, kuma ba zan rufe ki ba: ta fi sankarar mama da aka saba da ita haɗari. Alƙaluman da aka fi dogara da su na Amurka ne. Idan aka haɗa kowa da kowa, kimanin kashi 40 cikin 100 ne ke kaiwa shekara 5 bayan an gano. Ga waɗanda cutar ba ta wuce mama da kaluluwa ba, ya ɗan haura kashi 50. Ga waɗanda ta kai wasu sassan jiki, yana wajen kashi 20.

Yanzu ki saurari yadda ake karanta waɗannan lambobi. Na ɗaya, shekara 5 ma'auni ne na masu lissafi, ba wa'adi ba ne. Da yawa daga waɗanda suka kai biyar suna wucewa har goma da fiye. Na biyu, kafin a san wadda ta kai shekara 5 sai an jira shekara 5, don haka duk lambar da kika gani labarin matan da aka yi wa magani shekarun baya ne, wasunsu kafin magungunan yau. Na uku, an haɗa har da waɗanda ba su kammala hawa ukun nan ba, kuma waɗanda suka kammala sun fi wannan matsakaicin. Kafin shekarun 1970, lokacin da tiyata da gashi kawai ake da su, waɗanda ke kaiwa shekara 5 ba su kai kashi 5 ba. Daga ƙasa da 5 zuwa 40, ba cutar ce ta yi sauƙi ba, magani ne ya ƙaru.

Rai na hannun Allah, babu likitan da ya san ranar kowa. Na ga wadda muka cire rai da ita ta dawo bayan shekaru da jikarta a hannu, ta kawo mana dabino. Na kuma ga wadda ta yi komai daidai, Allah Ya karɓi abinSa. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba na son in ba ki ɗaya in ɓoye ɗaya.

Me ke sa wata ta fi wata samun sauƙi?

Matakin da aka same ta, haruffan nan uku, da ko ta kammala magani ba tare da yankewa ba. Sai kuma wani abu da ba a sani sai bayan tiyata: idan aka duba maman da kaluluwar da aka cire ba a ga sauran ƙwayar sankara mai rai ba, wannan babban albishir ne, masu irin wannan sakamakon su suka fi kowa nisa. Masu HER2 sun fi samun haka. Idan an ga saura, ba a naɗe hannu, akwai ƙarin magani da ake bayarwa. Dawowar cutar ta fi yawa a shekara biyu zuwa uku na farko, shi ya sa mau'id, wato ranakun ganin likita, ke yawa a lokacin.

An ce tawa mataki na 4 ce. Akwai amfanin wahalar magani?

Akwai. A nan ba a cika maganar warkewa ba, ana maganar danne cutar, a rage ciwo, a ƙara kwana masu daɗi. Wasu, musamman masu HER2 ko ER, suna shekaru a haka suna harkokinsu. Ki nemi a haɗa ki da sashen rage raɗaɗi tun da wuri. Kuma idan an rubuta miki mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, ki sha. Ba alamar ƙarshe ba ce, kuma zama cikin azaba ba shi ne haƙuri ba.

Me ya jawo mini? Zan shafa wa 'ya'yana?

Ba a ɗaukarta ta nono, ko kwano, ko shimfiɗa. Ba kuɗin da kika sa a rigar mama ba ne, ba turare ba, ba kuma bakin kishiya ba. Abin da aka tabbatar yana ƙara haɗarinta shi ne ƙiba. Idan kina da ƙarancin shekaru, ko akwai sankarar mama ko ta ƙwan mace a danginku, ko haruffan nan uku duk babu, ki tambayi likita gwajin gado na BRCA, saboda 'yan'uwanki mata da 'ya'yanki.

Ina da juna biyu.

Ana yin sonar da khaz'a da ciki ba matsala, kada a ce sai kin haihu. Bayan wata uku na farko ana iya ba da wasu nau'ukan kimawi. Trastuzumab da gashi da ƙwayoyin toshe sinadarai sai bayan haihuwa. Mai shayarwa kuma za ta yaye kafin ta fara kimawi.

Zamzam da habbatus sauda da ruƙiyya fa? Ga azumi, ga kuma likita namiji.

Ki sha Zamzam ki ƙoshi, ki yi addu'a, a yi miki. Muna zaune kusa da Ɗakin Allah, wa zai hana ki? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya ce bayin Allah su nemi magani. Abin da nake roƙo shi ne kada ɗaya ya kori ɗaya, kada a ce bari a gwada na Musulunci wata biyu tukuna. Wannan cutar ba ta ba da wata biyu. Duk wani jiƙo ko garin magani da aka aiko daga gida, ki nuna wa likita kafin ki sha, domin wasu na wahalar da hanta a lokacin da take fama da kimawi. Hijama kuma, wato ƙaho, a dakata da ita, kuma ko bayan an warke kada a yi a hannun da aka cire wa kaluluwa, don hannun na saurin kumbura.

Azumi, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, ki tambayi likitanki ki rama daga baya. Likita mace kuwa, kina da damar nema, kuma a Jidda da Makka suna da yawa. Idan ba a samu a kusa ba, malamai sun halatta namiji ya duba saboda larura. Kunya ta kashe mata da yawa a cikinmu. Dakta Samiya al-Amudi, likitar mata ce a nan Jidda, ta kamu da sankarar mama a 2006 ta fito ta faɗa wa duniya, a lokacin da ko sunan cutar ba a son kamawa. Ba ta ragu da komai ba.

Ba ni da ta'amin, wato inshorar lafiya, igamata ma, takardar izinin zama, ta mutu. Ina zan nufa?

Wannan ita ce tambayar da ke hana ni barci. Manyan cibiyoyi suna nan: Madinatul Malik Abdullah a Makka, asibitin Malik Faisal na ƙwararru da asibitin Jami'ar Malik Abdul'aziz a Jidda. Amma shigarsu da tahwil ne da sharuɗɗa, kuma 'yan ƙasa ne a gaba. Mai igama da ta'amin ta wurin aikinta ko na mijinta, ta nemi a buɗe mata fayil a asibitin da kamfanin ya yarda da shi, ta kuma tambayi iyakar kuɗin da za su biya tun kafin a fara. Ta'amin ɗin bizar Umara na larurar gaggawa ne, ba zai ɗauki jinyar shekara ba. Akwai ƙungiyoyin taimako, irin su Jam'iyyar Zamzam ta ayyukan lafiya da Jam'iyyar al-Iman mai kula da masu sankara a Jidda, kowace da sharuɗɗanta, kuma dukansu rahoton likita za su fara nema. Lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya na ba da shawara dare da rana.

Ga wadda duk ƙofofin nan suka rufe mata, ra'ayina shi ne: a haɗa kuɗi, ko na adashi ne, a yi hoto da khaz'a a asibitin kuɗi a san abin da ake ciki. Idan ta tabbata kuma babu hanyar jinya a nan, a yanke shawarar komawa gida cikin kwanaki, ba watanni ba, a je ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku da ke Jidda a nemi takardar tafiya. Na san abin da komawa ke nufi ga wadda ta yi shekara ashirin a Makka. Amma kimawi ɗaya a nan, sai a tsaya neman kuɗin na biyu wata biyu, ya fi komai muni. A Najeriya ana jinyar sankara a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A Nijar akwai cibiyar yaƙi da sankara a Yamai. A sa wani ya je ya tambayo mau'id da halin da na'urar gashi ke ciki tun kafin ki sauka. Ki tafi da rahotonki da Turanci, da faifan hotuna, da ɗan guntun tsokar da aka ɗiba, wanda ɗakin gwaji ke ajiyewa a cikin kakin farafin. Hakkinki ne, ki nema a ba ki, zai hana a sake farawa daga farko.

Ni mijinta ne. Likita ya gaya mini, ita ba ta sani ba. In ɓoye mata?

Alhaji, kada ka ɓoye. Jikinta ne, ta riga ta san akwai abin da ke faruwa, kuma ranar da ta ga an rubuta "auram", wato sashen masu sankara, a ƙofar sashen za ta gane, sai ta daina yarda da kai a lokacin da ta fi bukatarka. Matar da ba ta san abin da take yaƙa ba ita ce ke barin kimawi a zagaye na uku. Ka zauna da ita tare da wadda ta fi yarda da ita, yayarta ko mahaifiyarta, a gaya mata a hankali, gwargwadon abin da ta nemi sani.

Sannan akwai abin da take tsoro wanda ba za ta faɗa maka ba: cewa idan aka cire maman za ka juya mata baya. Kai za ka fara ɗauko maganar, tun kafin ranar tiyata, ka kwantar mata da hankali. Sauran aikin kuma a bayyane yake. Ka riƙe takardar mau'id, ka nemi izini a wurin aiki ranakun kimawi, ka samo wadda za ta riƙe yara da girki kwana uku bayan kowane zagaye, ka ajiye ma'aunin zafin jiki a gefen gado. Idan za ku shiga wurin likita ku shiga da mai jin Larabci sosai, babba ba yaro ba, a rubuta tambayoyi a takarda tun daga gida.